Ta gwamnati ko ta kuɗi? Yadda wani iyali a Ingila ya zaɓar wa 'yarsa makarantar A-level

A Ingila yaro yana rubuta jarrabawar GCSE ne yana ɗan shekara 16. Daga nan sai aji biyun ƙarshe na sakandare, aji na 12 da na 13, waɗanda suke kira sixth form. A cikinsu ne ɗalibi ke zaɓar darussa uku, wani lokaci huɗu, ya duƙufa a kansu har ya rubuta A-level, kuma sakamakon A-level ɗin ne jami'o'i ke dubawa. Tun 2015 doka ta wajabta wa kowane matashi a Ingila ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya cika 18, don haka babu zancen zama a gida. Abin da ke gaban iyaye shi ne ina za a kai shi. A daidai wannan gaɓa ce iyaye da yawa, waɗanda ba su taɓa biyan ko sisi a kan makarantar 'ya'yansu ba, suke fara cewa ai shekara biyu ce kacal, bari mu daure mu biya.

Iyalin da za mu duba lamarinsu suna zaune a wani gari kusa da Manchester. Maigidan likita ne, Bakano, ya zo aiki a asibitin gwamnati da bizar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2021, da matarsa da 'ya'ya uku. Uwargidan tana aikin rabin yini a wata firamare, tana taimaka wa malamai a aji. Babbar 'yarsu, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake kiranta Mamana, ta shiga aji na 11 a watan Satumbar 2024. Makarantarsu ta gwamnati ce, kuma daga aji na 11 take tsayawa, saboda haka ko an so ko an ƙi sai ta sauya wuri. Malamanta sun yi hasashen za ta ci 7 da 8 a yawancin darussa, 9 a lissafi. A ma'aunin GCSE 9 ce ƙololuwa, 4 kuma ita ce matakin tsira. Yarinyar likitanci take so, kuma ba tursasa ta aka yi ba, ko da yake a gidan likita da wuya a rarrabe.

Tun kafin a je ganin ko wace makaranta, maigidan ya riga ya yanke hukunci a ransa. A Kano duk 'ya'yansa makarantar kuɗi suka yi, kuma ba ya ganin uban da ke da hali zai bar 'yarsa a hannun gwamnati a shekarun da suka fi kowanne muhimmanci. Yayansa da ke Abuja ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, domin shi ma ya turo ɗansa makarantar kwana a kudancin Ingila ya yi A-level. Sai dai akwai abin da ba a lura da shi a irin wannan shawara ta 'yan uwa. Wanda ya turo yaro daga Najeriya da bizar karatun yara ba shi da zaɓi, makarantar kuɗi kaɗai doka ta yarda yaron ya shiga. Yayan bai taɓa leƙa kwalejin gwamnati a Ingila ba, balle ya kwatanta. 'Ya'yan mai bizar aiki kuwa suna shiga ta gwamnati kyauta kamar 'ya'yan kowa.

Abin da suka gani da idonsu

A watan Oktoba da Nuwamba makarantu ke buɗe ƙofa da yamma iyaye su zo su gani. Sun je wurare huɗu, biyu suka tsaya musu a rai.

Ta farko makarantar kuɗi ce ta jeka-ka-dawo, tsohon gini da filin wasa shar. A ɗakin kimistiri sun tarar da kujeru goma sha biyu, malamar ta ce ajinta na bana mutum tara ne. Shugaban sashen manyan ɗalibai ya zauna da su kusan rabin sa'a, ya tambayi yarinyar abin da take karantawa ban da littafin makaranta, ya bayyana musu cewa masu neman likitanci suna da zama na musamman kowane mako, ana yi musu gwajin intabiyu, ana bin takardar neman jami'ar kowa layi-layi. Da suka fito maigidan ya ce wa matarsa, "Kin ga abin da nake faɗa miki ko?"

Ta biyu kwalejin gwamnati ce wadda ba ta ɗaukar kowa sai 'yan 16 zuwa 19. Ɗalibanta sun haura dubu biyu. Daren da suka je sai da suka yi layi kafin su shiga zauren, babu wanda ya tambayi sunan yarinyar. Ajin kimistiri mutum ashirin da 'yan kai ne. Amma uwargidan ta lura da wani abu da mijinta ya wuce bai gani ba: malaman kimistiri a wurin sun kai bakwai, kuma babu wanda ke koyar da komai sai A-level, safe da yamma, shekara da shekaru. A makarantar kuɗin malamai uku ne, kuma su ne ke koyar da 'yan shekara 11 ma. Akwai ɗakin salla a kwalejin, da wurin alwala na gaske, ba bandakin da za ka ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu ba. Illarta a fili take: tafiyar minti hamsin a bas, da sa'o'i masu yawa a mako da ɗalibi ba shi da darasi, babu kuma mai tsare shi.

Bambancin girman aji ba abin mamaki ba ne in aka dubi kuɗin. A lokacin, abin da gwamnati ke ba kwaleji a kan kowane ɗalibi mai shekara 16 ko 17 bai wuce kusan fam 5,000 a shekara ba, ita kuwa makarantar kuɗin tana karɓar ninki uku na haka daga aljihun iyaye.

A takardun da aka raba musu, sakamakon makarantar kuɗin ya fi kyau nesa ba kusa ba, fiye da rabin makin da ɗalibanta suka samu A ne ko A mai tauraro, wanda shi ne ƙololuwa a A-level. A nan ne nake ganin uwargidan ta fi mijinta kaifin ido. Ta ce, "Abbansu, su wa suka ɗauka tun farko? Wanda ya tsince manyan tumatir a kasuwa ai ba zai yi mana alfahari da kyan kwandonsa ba." Makarantar tana yi wa yara jarrabawar shiga tun suna shekara 11, masu shigowa a 16 kuma sai da 7 ko sama a darussan da za su ɗauka. Kwalejin tana ɗaukar har mai 5 da 6 a darussa da dama. In an haɗa kowa da kowa aka fitar da kaso, dole nata ya yi ƙasa. Tambayar da ta dace ita ce: cikin waɗanda suka shigo da 8 a kimistiri, nawa suka fita da A? Ta rubuta wa makarantun biyu wannan tambaya. Amsar da ta dawo ta nuna tazarar ba ta kai yadda takardun talla suka nuna ba. Makarantar kuɗin tana gaba, amma da ɗan kaɗan. Kuma saboda yawan ɗalibanta, kwalejin ta fi tura mutane likitanci a shekara in ana maganar adadi.

Lissafin kuɗi

Yarinyar ta rubuta jarrabawar shiga makarantar kuɗin a Nuwamba, ta ci, har aka ba ta rangwamen hazaƙa na kashi 10 cikin ɗari. Maigidan ya yi ta buga waya gida yana sanar da 'yan uwa an ba Mamana sikolashif. Da aka zauna da alƙalami, sai murna ta ragu.

Kuɗin makarantar a lokacin fam 15,500 ne a shekara. Amma daga 1 ga Janairun 2025 gwamnatin jam'iyyar Labour ta ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu, sannan a watan Afrilu ta janye musu rangwamen harajin gine-gine da suke samu a matsayin ƙungiyoyin agaji. Makarantar ta shanye wani ɓangare, ta miƙa wa iyaye saura. Wasiƙar da ta zo ta nuna kuɗin shekara mai zuwa zai kai kusan fam 17,800. A cire rangwamen, saura fam 16,000 da 'yan kai. Abincin rana daban, bas ɗin makaranta daban, kuɗin rajistar jarrabawar A-level ma iyaye ke biya, alhali a ta gwamnati kyauta ne. Shekara biyu, in an haɗa da ƙarin da ba ya fashi duk shekara, abin ya doshi fam 36,000.

Sun nemi tallafin da ake bai wa masu ƙaramin ƙarfi, wanda shi ne ke iya ɗauke rabin kuɗin ko ma duka. Fom ɗin ya nemi takardun albashi, bayanan banki na watanni, kuɗin haya, ajiya, har da kadarar da mutum ya mallaka a wata ƙasa. Babu gurbin da za a rubuta abin da ake tura wa Hajiya duk wata, ko kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanensa marigayi da ke wuyansa. A takarda, albashin likita ya wuce iyakar da suka sa. Aka ba su haƙuri. Wannan shi ne matsayin iyalai da yawa irinsu: sun fi ƙarfin a taimaka musu, kuɗin kuma ya fi ƙarfin su biya ba tare da sun ji a jika ba.

Duk da haka maigidan bai janye ba. Ya ce zai ƙara karɓar aikin dare da na ƙarshen mako, a ɗage zuwa gida na shekara biyu, a taɓa kuɗin da ake tarawa na sayen gida. A watan Janairu ya biya fam 750 na kafin alƙalami, ya sa hannu a yarjejeniya.

Takardar da ta sauya lissafin

Abin da ya juya maganar bai shafi koyarwa ba ko kaɗan. A watan Fabrairu kwalejin ta kira yarinyar ganawa, uwar ta raka ta. Jami'ar da ke ba ɗalibai shawara kan jami'a ta ji an ce likitanci, ta ji shekarar da suka shigo ƙasar, sai ta tambaya ko suna da takardar zaman dindindin. Uwar ta ce tukuna. Matar ta ce to su je su duba wannan tun yanzu, domin ya fi zaɓen makaranta nauyi.

Ga yadda abin yake. Makarantar gwamnati kyauta ce ga ɗan mai bizar aiki, amma jami'a ba ta bin wannan ƙa'ida. Kafin a ɗauki ɗalibi a matsayin ɗan gida, a mafi yawan lokuta sai yana da izinin zama na dindindin, kuma ya yi shekara uku yana zaune a ƙasar kafin ya fara karatun. Ɗan gida yana biyan fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, kuma gwamnati na ba shi bashin da zai biya bayan ya fara aiki. Ɗalibin waje ba shi da wannan bashi, kuɗin likitanci kuma a jami'o'i da dama ya haura fam 40,000 a shekara, shekarun asibiti sun fi haka tsada. Ƙari a kan haka, guraben likitanci da aka ware wa ɗaliban waje ba su wuce kusan kashi 7.5 cikin ɗari ba, ga masu nema daga ko'ina a duniya.

Iyalin za su cika shekara biyar a Agustan 2026, lokacin ne za su iya neman takardar. Yarinyar za ta shiga jami'a a Satumbar 2027. Lokaci ya ba su, in komai ya tafi daidai. Amma kuɗin neman takardar daga Afrilun 2025 ya zama fam 3,029 a kan kowane mutum, babba da yaro. Su biyar, fam 15,145, a biya a dunƙule, kuma a daidai watan da za a nemi kuɗin zangon farko na aji na 13. Maigidan ya san da wannan kuɗi, amma a ransa ya ajiye shi a matsayin abin da za a iya jinkirtawa, a sabunta biza a ci gaba. Bai taɓa haɗa shi da karatun 'yarsa ba. Yanzu ya gane in aka jinkirta takardar domin a biya makaranta, za a iya wayar gari yarinya ta ci A uku, ga gurbi, amma babu halin shiga.

Akwai wata hujja da wani abokin aikinsa ya kawo masa, wadda ni ban ba ta nauyin da ake ba ta ba. Ya ce yanzu manyan jami'o'i 'yan makarantar gwamnati suke so, ya kawo misalin Brampton Manor da ke gabashin Landan, wadda a 2021 ɗalibanta 55 suka samu tayin gurbi a Oxford da Cambridge, Eton kuwa, fitacciyar makarantar kuɗi, 48. Labarin gaskiya ne, amma Brampton Manor tana tace waɗanda take ɗauka a aji na 12 tacewa mai tsanani, ba kowace makarantar gwamnati ce haka ba. Gaskiya ne kuma wasu shirye-shiryen share wa ɗalibai fagen shiga jami'a, kamar UNIQ na Oxford da makarantun bazara na ƙungiyar agaji ta Sutton Trust, 'yan makarantar gwamnati kaɗai suke karɓa, kuma jami'o'i da yawa suna sassauta makin shiga ga wasu ɗalibai. Sai dai abin da suke dubawa shi ne unguwar da yaro ya fito, ko ya ci abincin makaranta kyauta da ake ba 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, ko iyayensa sun yi jami'a. 'Yar likita da ke zaune a unguwa mai rufin asiri da wuya ta samu wani abin kirki daga nan. Mai zaɓar kwaleji don wannan dalili kaɗai yana iya shan mamaki.

Ita yarinyar fa? An daɗe ana magana a kanta kafin a tambaye ta. Ajin mutum tara ya burge ta, ba ta ɓoye ba. Amma wani dare bayan shan ruwa, cikin azumin 2025, ta ce wa mahaifinta, "Abba, in kuka biya duk wannan kuɗin kuma ban samu likitancin ba fa? Da wane ido zan kalle ku?" Ya ce, "Mamana, wannan ba damuwarki ba ce." Ta yi shiru. Uwar ce ta ce masa daga baya ai damuwarta ce, tunda ita za ta riƙa ganinsa yana dawowa daga aikin dare ido jajur. Yarinyar ta kuma faɗa wa uwarta abin da ba ta faɗa wa uban ba: ranar jarrabawar shiga ita kaɗai ce mai hijabi a zauren, kuma yawancin 'yan ajin tare suke tun suna shekara 11. A kwaleji kowa baƙo ne a ranar farko.

Sun so su jira sakamakon GCSE kafin su yanke, amma yarjejeniyar da ya sa wa hannu ba ta ba da wannan dama ba. Makarantun kuɗi suna neman sanarwar zango guda a rubuce. Wanda bai janye ba kafin a koma zangon bazara a watan Afrilu, kuɗin zangon Satumba ya hau kansa ko yaron ya zo ko bai zo ba. Gurbin gwamnati kuwa ana iya riƙe biyu ko uku har ranar sakamako ba tare da biyan komai ba. Bayan ƙaramar Salla da mako guda maigidan ya rubuta wasiƙar janyewa. Fam 750 ɗin ta tafi. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne kiran Yaya a Abuja ya ce masa an fasa. A watan Mayu kuma gwamnati ta fitar da takardar manufofinta kan shige da fice, inda ta kawo shawarar mayar da wa'adin neman zaman dindindin shekara goma maimakon biyar ga mutane da yawa. Daga ranar bai sake cewa a taɓa ajiyar ba.

Zangon farko

Sakamako ya fito ranar 21 ga Agusta. Ta ci 9 a lissafi da bayoloji, 8 a kimistiri, sauran 7 da 8. Ta yi rajista a kwalejin da kimistiri, bayoloji da lissafi.

Kada a ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. A gwajin kimistiri na farko, cikin Oktoba, D ta samu. Tsallen daga GCSE zuwa A-level a kimistiri sananne ne, yana kayar da masu 8 da 9 da yawa, amma abin lura shi ne babu wanda ya kira gida. Uwar ce ta gani a shafin intanet ɗin da kwalejin ke saka maki, bayan mako biyu. Da aka bincika, ashe sashen kimistiri yana da zaman taimako kullum da rana, malami na zaune yana jiran mai tambaya, amma ba dole ba ne, ita kuma ba ta taɓa zuwa ba. Sa'o'in da ba ta da darasi a kantin abinci take cinye su da sababbin ƙawaye. Ba lalaci ba ne. Shekara huɗu ta yi a makarantar da ƙararrawa ke gaya mata inda za ta kasance kowane minti, aka wayi gari aka sakar mata ragama.

A ajin mutum tara da malamar ta gano wannan tun mako na uku, da kuma an kira uwar a waya kafin yamma. In aka tambaye ni me fam 36,000 ke saye, wannan ne: mutumin da aikinsa ne ya lura da 'yarka kafin ta zame. Ban ga alamar malaman can sun fi na nan sanin kimistiri ba. Iyalin da suka ƙi biya sai su yi wannan aikin da kansu, kuma ba kowane gida ke da mai lokacin yi ba. A nan an yi sa'a uwar tana tashi daga aiki da azahar.

Suka ɗauki malamin lesin, tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya, sa'a ɗaya a mako ta intanet a kan fam 40. A makonnin karatu na shekara bai kai fam 1,600 ba. Aka yi yarjejeniya da yarinyar cewa sa'o'in banza na Litinin da Laraba a laburare za ta yi su, kuma za ta riƙa zuwa zaman taimakon sau biyu a mako. Ranar Asabar tana aikin sa kai a wani gidan kula da tsofaffi, domin makarantun likitanci suna tambayar abin da mai nema ya gani da idonsa na kula da marasa lafiya, kuma uban ya fi son ta fara daga ba tsoho shayi da sauraron labarinsa, kafin ta bi shi zagayen asibiti. A gwajin Disamba ta samu B.

B ba ta isa ba tukuna. Yawancin makarantun likitanci A uku suke nema, wasu har da tauraro a ɗaya. Makin da malamai za su yi mata hasashe, wanda da shi za ta nemi jami'a, zai fito ne daga jarrabawar ƙarshen aji na 12. Tsakanin Yuli da Satumba za ta rubuta UCAT, jarrabawar tantance masu neman likitanci, sannan ta miƙa takardunta ta UCAS, cibiyar da ake bi ta kanta a nemi jami'a, kafin 15 ga Oktoba, inda guraben likitanci huɗu kawai aka yarda ta nema cikin zaɓi biyar. Kwalejin tana da shirin gwajin intabiyu ita ma, sai dai sai ɗalibi ya rubuta sunansa da kansa, kuma guraben suna cikewa da wuri. Wannan karon tun ranar da aka buɗe ta rubuta.

Maganar ba ta mutu a gidan ba, domin mai bi mata namiji ne, yana aji na 9, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Shi sai an tsaya a kansa yake buɗe littafi. Uwar da ta fi kowa tsayawa a kan kwaleji ita ce yanzu ke cewa ba ta ga yadda za a saki wannan yaron cikin mutum dubu biyu ba. Suna duba wata makarantar gwamnati a garin da ke kusa, mai nata aji na 12 da 13, inda ake kiran suna kowace safiya kuma ba a barin ɗalibi ya fita harabar kafin a tashi. Maigidan kuma ya ce in takardun zama suka fito lafiya, shi bai cire makarantar kuɗin daga lissafi ba.